Gonar Da Ake Nomawa Cikin Faranti

Kwanan baya wani saurayi ɗan wajen Gwiwa, wanda ke koyon aikin ɗakin gwaji na asibiti a Kano, ya zo gida hutu, ya nuna mana wani hoto a cikin wayarsa. Da muka duba sai muka zaci murfin kwano ne aka shafa wa jan ƙasa, aka yayyafa masa 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan toka, kowane kamar ƙwayar gero. Wata tsohuwa da ke wurin ta ce ai wannan waina ce ta kwana ta yi fumfuna. Aka yi dariya. Amma da ya gaya mana ko mene ne, sai dariya ta tsaya. 'Yan ɗigon nan ƙwayoyin cuta ne, an ɗebo su daga jikin wani yaro marar lafiya, an shuka su, sun tsiro. Hoton kuwa an ɗauke shi ne domin a aika wa wani babban ma'aikaci ya duba, ya faɗi abin da ya gani.

Tun daga ran nan muke ta tunanin wannan hoto. Yawancinmu mun taɓa kai jini ko fitsari ko majina ɗakin gwaji, aka ce mu komo bayan kwana biyu ko uku, muka koma gida muna gunaguni, muna cewa ma'aikatan nan ba su da tausayi. Ashe ba mu san abin da ke faruwa a bayan ƙofar nan ba. Noma ake yi, shuka kuwa ba ta tsira ran da aka binne iri.

Ƙwayar cuta irin wadda ake kira bakteriya ƙanƙanuwa ce ƙwarai. In aka jera wajen 1,000 a layi, da ƙyar su cika milimita ɗaya. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Amma tana da wani hali: in ta sami abinci da ɗumi sai ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Akwai irin da ke yin haka kowane minti 20. Mai karatu, ɗauki alƙalami ka lissafta, za ka ga cikin awa 7 guda ɗaya ta wuce miliyan 2. To, in dukansu suna zaune wuri ɗaya ba su watse ba, kafin gari ya waye sun taru sun zama ɗigon da ido ke iya gani. Kowane ɗigo a hoton saurayin nan zuriyar ƙwaya ɗaya ce ko 'yan kaɗan, kamar yadda kaka ɗaya kan haifi unguwa guda.

Likitan ƙauye da matar likita

Mutumin da ya buɗe wannan hanya shi ne Robert Koch, likita Bajamushe. Sa'ad da ya fara aikin nan ba wani babban malami ba ne, likitan gunduma ne a wani ƙaramin gari da ake kira Wollstein, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Cutar saifa tana kashe wa manoman wurin shanu da tumaki, shi kuwa ya dinga binciken jininsu a wani ɓangare na gidansa. A 1876 ya nuna yadda ƙwayar cutar ke girma da yadda take kama dabba.

Amma akwai wata matsala. A zamanin nan duk wanda ya ga abu a madubi sai ya zana shi da hannu. Wannan ya zana nasa, wancan ya zana nasa, a yi ta gardama, gama hannu yakan zana abin da zuciya ke so ta gani. Koch ya ga maganin gardamar shi ne hoto. Ya haɗa na'urar ɗaukar hoto da madubinsa, ya yi amfani da hasken rana, gama ba wutar lantarki a gidansa. In hadari ya rufe rana aikin yini ya lalace. Duk da haka a 1877 ya buga hotunan ƙwayoyin cuta, kowa ya gani da idonsa. Watau tun farkon wannan sana'a da hoto aka fara ta.

Sauran aiki shi ne a sami gonar da za a shuka ƙwayoyin. Cikin romo ba ya yiwuwa sosai, gama duk iri-iri sukan gauraye. Koch ya gwada yankan dafaffen dankalin Turawa. Ya gwada wani abu mai kama da romon ƙafar sa wanda ke daskarewa da sanyin hunturu. Kowace uwargida ta san ƙarshen wannan: da zafi ya taɓa shi sai ya narke. Ƙwayoyin da ke cutar mutum kuwa ɗumin jikin mutum suke so, watau wajen digiri 37.

Mace ce ta warware matsalar. Sunanta Fanny Hesse, haifaffiyar Amurka, matar wani likita mai suna Walther Hesse da ya yi aiki wurin Koch a birnin Balin. Ita ce ke dafa wa mijinta romon gwaji, ita ce kuma ke zana masa hotunan abin da ya tsiro. A 1881 ta ba shi shawara ya gwada wani abu da take sa wa kayan zaƙi don kada su narke da zafi. Ana samunsa daga ciyawar teku, sunansa aga, ta kuwa koyi amfani da shi daga maƙwabta da suka taɓa zama a tsibirin Java. In ya daskare ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya cinye shi. Koch ya ambaci aga a takardarsa ta 1882 a kan tarin fuka, amma bai ambaci sunan matar ba. Mu dai mun ambata, gama har yau da dabarar madafarta ake aiki a kowane ɗakin gwaji na duniya.

Faranti kuwa wani mataimakin Koch ne ya gyara shi a 1887, Julius Richard Petri. Ɗan faranti ne na gilashi, da murfi wanda ya ɗan fi shi faɗi, yana rufe shi kamar faifai a kan ƙwarya: iska ta shiga, ƙura ba ta faɗa ciki ba. Na yanzu yawanci na roba ne, faɗinsu santimita 9. Da sunansa ake kiransu har wa yau.

Daga Gwiwa zuwa faranti

Mu a wannan yanki ba ma bukatar a kwatanta mana sanƙarau. In bazara ta kama, daga watan Fabrairu zuwa saukar ruwa, kowace uwa a Gwiwa, da Roni, da Kazaure, da Babura gabanta kan faɗi in yaro ya ce kansa na ciwo, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa. Manya sun tuna da 1996, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

A ce an kawo irin wannan yaro babban asibitin Kazaure. Likita zai so ya ɗebi ruwan ƙashin baya. Mun san iyaye da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa tana shanye ƙafafu. A ƙasa da inda lakar ta ƙare ake sa ta, kuma abin da ke nakasa yara cutar ce in ta daɗe ba magani. Ruwan mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Na mai sanƙarau yakan fito a gurɓace kamar ruwan da aka wanke gero. Likita ba ya jiran faranti kafin ya fara allurar magani, gama sanƙarau kan kashe cikin yini ɗaya. To, mene ne amfanin shukar?

Amfaninta shi ne a san ko wace ce. Ƙwayoyi daban-daban suna kawo sanƙarau, kuma ita babbar cikinsu, wadda ke kawo annoba, tana da dangi da aka sa wa haruffa: A, da C, da W, da X, da Y. Rigakafin ɗaya ba ya tsare mutum daga ɗaya. Da can A ce ke yi mana ɓarna. Aka kawo allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, A ta kusa ɓacewa. Sai ga wata annoba a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, ta kama fiye da mutum 14,000. Ɗakin gwaji ne ya nuna cewa wannan karon C ce, tsohuwar allurar ba za ta yi aiki ba. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allura mai tsare mutum daga dangin nan biyar gaba ɗaya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su. Yanzu akwai na'urorin da ke gane ƙwayar ta wurin sinadarin gadonta ko da ta mutu, amma in ana so a gwada ta da magani a gani, sai an same ta da rai a faranti.

Abin mamaki, wannan ƙwaya mai kashe ƙato cikin yini raguwa ce in ta bar jikin mutum. Sanyi yana kashe ta, don haka ba a sa ruwan nan a firji. Bushewa tana kashe ta. In ba a shuka ta cikin awa guda ba, sai a zuba ta a wata kwalba ta musamman mai abinci a ciki, a kama hanya. Abincin da take so shi ne aga da aka haɗa da jinin tunkiya, kashi 5 cikin 100, shi ya sa farantin hoton nan ya yi ja. Wani lokaci a ɗumama jinin har ya koma ruwan ƙasa, ma'aikata su kira shi mai cakulan, ko da yake ba cakulan a ciki. Kuma tana son irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Inda ba na'ura mai tsada sai a jera farantan cikin babbar kwalba, a kunna kyandir a ciki, a rufe. Kyandir ya ci ya mutu, iskar da ya bari ta ishe ta. Sa'an nan a sa kwalbar cikin akwatin ɗumi ta kwana. In wuta ta ɗauke da dare, ba janareta, aikin na iya lalacewa.

Haka yake ga mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ya kama yara dubbai, yawancinsu waɗanda ba a yi wa allurar jarirai ta mako 6 da 10 da 14 ba. A 2023 hukumomin lafiya na Jigawa sun tabbatar da shi a Kazaure da Jahun. Ana goge maƙogwaron yaro da ɗan tsinke mai auduga, a shuka a wani irin aga wanda ƙwayar mashaƙo ke fitowa baƙa-baƙa a kansa. Ta kwalara kuwa a nata farantin mai launin ganye takan fito rawaya. Kowace da gonarta, kowace da kamanninta, kamar yadda manomi ke bambanta tsiron gero da na dawa tun suna ƙanana. Sai dai wannan ido ba a samunsa sai da shekaru, masu shi kuwa kaɗan ne. Wani bincike da aka bayyana a 2022, wanda ya shafi ƙasashen Afirka 14 har da Nijeriya, ya nuna cewa cikin ɗakunan gwaji wajen 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kaɗai ke yin wannan aikin shuka. Watau 13 cikin 1,000. Shi ya sa abin da aka ɗeba a ƙauye yakan yi tafiya zuwa Kano, wani lokaci har babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Shi ya sa kuma hoto ya zama da daraja, gama hoto yana isa cikin minti guda inda faranti zai kwana a mota.

Zoben da ke ƙanƙancewa

Akwai wani hoton faranti da ya fi kowane suna a duniya. A watan Satumba na 1928 Alexander Fleming ya komo daga hutu zuwa ɗakin gwajinsa a asibitin St Mary's na Landan, ya tarar fumfuna ta faɗa wa wani faranti da ya bari. Tsohuwarmu ba ta yi nisa da gaskiya ba ke nan. Ya lura kewaye da fumfunar ƙwayoyin cutar sun narke, an sami fili. Ya ɗauki hoton farantin, ya buga shi a 1929. Daga nan aka sami fenisilin, bayan Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford sun mai da shi maganin da za a iya ba mutum, wajen 1941.

Filin nan da Fleming ya gani shi ake nema har yau. In an sami ƙwayar da ke damun majinyaci, sai a shafe sabon faranti da ita baki ɗaya, a ɗora 'yan takardu zagaye masu faɗin milimita 6, kowace an jiƙa ta da magani daban. Bayan wajen awa 18 a duba. Inda magani ya fi ƙarfin ƙwayar za a ga zobe garau kewaye da takardar. Inda ƙwayar ta fi ƙarfin magani za ta tsiro har gindin takardar, kamar ƙiri-ƙiri a gonar da ba a nome ba. Sai a auna faɗin zoben da ma'auni, a duba littafi, a rubuta wa likita wanda zai yi aiki da wanda ba zai yi ba.

Saurayin nan ya nuna mana irin wannan hoto ma. Takardu shida ne, biyu kaɗai ke da zoben kirki. Sauran huɗun kuwa magungunan da muka sani ne, irin waɗanda ake saya a kemis ko a tiren mai talla ran kasuwa. A nan ne jikinmu ya yi sanyi. Fleming da kansa, sa'ad da ya karɓi lambar Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure masa. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka ƙi jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki shan wahalar. Ba za mu ɗora wa mai kemis laifin duka ba. Mu ne ke zuwa mu ce a ba mu kafso na naira kaza, mu sha huɗu, zazzaɓi ya sauka, mu ajiye sauran don wani yaron. Mu ne ke zuba wa kaji ja-da-rawaya a ruwan sha. Talauci yana ciki, nisan asibiti yana ciki, amma ƙwayar cuta ba ta karɓar uzuri.

Auna zoben da fassara shi aiki ne mai wuya, masana kuma ba su wadata ba. Don haka gidauniyar ƙungiyar likitoci ta MSF, ƙungiyar nan da ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a Jahun tun 2008, ta ƙirƙiro wata manhajar waya mai suna Antibiogo. Ma'aikaci ya ɗauki hoton farantin, manhajar ta taimake shi auna zobban, ta kuma fassara masa sakamakon. Kyauta ce, tana aiki ko ba intanet. An gwada ta a Jodan da Mali, ta sami shaidar amincewa ta Turai a 2022.

Yadda ake ɗaukar hoton

Muna da 'ya'ya a makarantun koyon aikin lafiya, da malaman kimiyya a sakandare, don haka bari mu faɗi kaɗan daga abin da muka koya. Murfin faranti yakan yi raɓa daga ciki, shi ya sa ake kifa farantin in za a kwantar da shi, raɓar kuwa tana ɓata hoto. Filasha ma tana ɓata shi, gama aga yana da sheƙi, sai hasken ya komo ya rufe abin da ake so a gani. An fi son haske mai laushi daga gefe, da baƙin ƙyalle a ƙasa, domin zoben ya fito. Farantin jini kuwa akan haska shi daga baya, a ga ko ƙwayar ta narkar da jinin kewaye da ita, gama wannan alama ce babba. Waya ta tsaya daidai bisa farantin. In ta karkata, zobe ya zama kamar ƙwai, awo ya ɓaci. A ajiye ma'auni a gefe. A rubuta lamba da kwanan wata, amma ban da sunan majinyaci, gama hoton da ya shiga WhatsApp ba wanda ya san inda zai tsaya, ciwon mutum kuwa asirinsa ne.

Abin da ya fi duka shi ne hankali. Ɗigo ɗaya a farantin nan ya fi abin da ke cikin tarin marar lafiya yawa nesa ba kusa ba. Akwai ma'aikatan gwaji a ƙasashen duniya da suka mutu da sanƙarau wanda suka ɗauka a wurin aiki. Irin wannan faranti ba a buɗe shi sai cikin akwati na musamman mai janye iska. Wayar da aka taɓa da safar hannu, ita ce za a kara a kunne, ita ce ƙaramin yaro zai sa a baki da yamma, don haka sai an goge ta da sifirit, in ma da hali a ware waya guda ta ɗakin gwaji. Ɗaliban da suka shuka dattin hannu don darasi su manne murfin, kada a buɗe, malami ya kula da yadda za a hallaka shi. Wannan ba aikin gida ba ne.

Hoto kuma yana da iyaka. Ba ya ɗauke da wari, alhali gwanaye sukan gane wasu ƙwayoyi ta warinsu. Waya takan gyara launi bisa ga son ranta. Hoto ba zai faɗa ko ƙwayar mashaƙon nan tana fid da dafi ba, sai an yi wani gwajin dabam. Wanda aka aika wa hoto shawara yake bayarwa, wanda ke riƙe da farantin shi ke da alhakin.

Ya ku iyaye, akwai rabonmu a cikin aikin nan. In an ba yaro kafso a gida kafin a ɗebi jininsa ko fitsarinsa, sau da yawa maganin bai isa ya warkar da shi ba, amma ya isa ya hana ƙwayar tsirowa. Faranti ya fito fayau, a rubuta ba a ga kome ba, ga yaro kuwa yana kwance. In mun riga mun ba shi, mu faɗa wa likita gaskiya, mu tafi da kwalin ko kwalbar. In an ba mu kwalbar fitsari, kada mu juye a wata ta gida, kuma mu mai da ita da sauri. In an ce mu komo jibi, mu komo, ko da yaron ya fara wasa, gama takardar nan ce za ta nuna ko a ci gaba da maganin ko a sake wani.

Mun tambayi saurayin ko ina farantin yake yanzu. Ya ce babu shi. In an gama karantawa akan tara su duka a sa cikin wata tukunya mai matse tururi, zafinta digiri 121, su yi aƙalla minti 15, sa'an nan a ƙone. Abin da ya rage daga gonar yaron nan shi ne layi biyu a littafin ɗakin gwaji, da hoton da ke cikin wayar, wanda ya ce zai riƙe don ya nuna wa ɗaliban da za su zo bayansa.